Muryar Gwaggo kan aikin jijiyar fuska (na rubuto saboda marasa mega)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ɗiyata, na ji saƙonki tun da hantsi, baƙi ne suka riƙe ni. Kin ce surukarki ciwon gefen fuskar nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙwayar da take sha ta daina kama ta, lokotoro ya ambaci aiki a ka, kina tambaya ko ku yarda. Haka kika faɗa da baki. Ni kuwa abin da na ji a muryarki daban ne: tsoro kike ki sa baki a yi, in wani abu ya gitta dangin miji su ce ke kika kai ta. Ko ba haka ba? To ki cire kanki daga tsakiya. Fuskar Hajiya ce, kan Hajiya ne, ita za a zaunar a yi ma bayani da Hausa, ga ɗiyanta maza a zaune, ita ta ce e ko a'a. Naki shi ne ki tabbata an yi tambayoyin da suka kamata, shi ya sa nake ɓata bakina.

Da farko dai, kun yi hoton kai na IRM? Ban ji kin ambata ba. Ba hoton radiyo ba, ba na sikane ba, IRM nake faɗi, wanda ake tura mutum cikin rami yana ta ƙara a kunne. Ni a Yamai na yi nawa. In ba a yi shi ba, duk maganar aiki hira ce. Jijiyar nan, wadda su suke kira tirijimo, ita ce ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kuma reshe uku gare ta: ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya haɓa da muƙamuƙi. Ga yawancin mutane, wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kanta can ciki kusa da tushe, kullum tana bugawa tana gogar ta, har rigar jijiyar ta cinye, kamar wayar wuta da ɓera ya ci robarta. Abu kaɗan ya taɓa, sai ki ji kuran ya ja ki. Amma akwai wanda nashi ƙari ne ke danne ta, akwai wanda wata cutar ƙwaƙwalwa ce daban. Hoton ne ke taimaka ma likita ya raba. Ba a buɗe kan mutum da zato.

Kuma don Allah, don Annabi, kada wanda ya sake taɓa mata haƙori. Kin ce an cire mata biyu. Ai ni da na ji haka sai da na aje wayar. Har yanzu ana wannan aika-aika? Ni haƙorana na ƙasa na gefen dama, lafiyayyu, farare tas, ba tsutsa ba komi, wani mai cire haƙori a garin nan ya bi su ya tumɓuke, ba zan faɗi sunanshi ba, ya san kanshi. Ina gaya mishi, Malam, ciwon nan ba ya hana ni barci, zuwa yake kamar ƙiftawar ido ya tafi, iska in ta buge ni yake tashi, in na zuba ruwan alwala yake tashi, ko gefen mayafi ya shafe ni. Wane haƙori ne mayafi ke tayar ma ciwo? Ya ce ai saiwa ce ta ruɓe daga ƙasa. Ya cire, ya karɓi jikkunanshi, ciwo na nan daram. Na koma, ya ce ashe na kusa da shi ne. Ko kunya babu! Yau ga shi naman Sallah sai an daka mini, ƙuli-ƙuli kuwa sai kallo. Na yafe ma mutane da yawa a duniyar nan, shi dai har yanzu ina shawara. Ban da masu cewa iska ce ta mare ni a bakin Kasuwar Dole da magariba, aka yi ta turara ni da hayaƙi, hayaƙin ma tayar da ciwon yake. Wata maƙwabciya har cewa ta yi kishiya ce, ni da ba ni da kishiya a lokacin. To, bar wannan.

Ina muke? Magani. Kin ce ya daina kama ta. Wanne? In Tegretol ne, wato karbamazefin, shi ne na farko da ake ba mai wannan ciwon, kuma yana aiki ƙwarai da fari. Sai dai wasu in an daɗe sai an yi ta ƙara shi, mutum ya koma yana tangaɗi, ga barci, ga jiri, wani har yana ganin abu bibbiyu. Yana rage gishirin jini, shi ya sa ake awon jini lokaci-lokaci. In ƙuraje suka feso a jiki ko baki ya yi gyambo, asibiti ake nufa a ranar. Akwai ɗan uwanshi, oskarbazefin, wasu ya fi yi musu sauƙi, ku tambaya ko an gwada mata. In kuwa abin da kuke kira magani parasetamol ne ko tiramol na masu talla a tire, to ba ta ma fara magani ba, waɗannan ba sa taɓa wannan ciwon.

To in an yi duk wannan ya gagara, sai aiki. Kuma ku daina cewa "aikin" kamar guda ɗaya ne. Wanda aka yi mini shi ne babba. Bayan kunne ake askewa, a yanka, a huda ƙashi ɗan kaɗan, likita ya shiga da madubin ƙara girma ya ɗaga jijiyar jinin daga kan ta fuskar, ya sa ɗan ƙyallen tefulon a tsakani, ya rufe. Ba a yanke jijiyar, shi ya sa yawanci fuska ba ta mutuwa. Wani likitan Amurka, Peter Jannetta, shi ya yaɗa wannan hanya tun wajen 1967, ba sabon abu ba ne da za a ce da ku za a koya. Babban ɗan nawa, da ya ga ina ja da baya, ya karanto mini binciken da su Jannetta suka fitar a 1996, mutum 1,185 suka bi, bayan shekara 10 kashi 70 cikin 100 ba ciwo ba shan magani. Ki lura, 70 na ce, ban ce 100 ba. Akwai wanda yake dawo mishi. Akwai wanda kunnen gefen ke raguwa ko ya tafi gaba ɗaya, akwai yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, akwai ƙwayar cuta ta shiga, shanyewar jiki da rasa rai ma suna cikin takardar da ake sa hannu, ko da yake ba kasafai ba. Duk likitan da ya ce miki ba haɗari ko kaɗan, ki ɗauki takalminki.

Hajiya shekarunta nawa ma? Ina ce ta girme ni nesa. Kuma tana da tansiyon, hawan jini, ko? A'a, tsaya, kada in ce shekaru ne ke hanawa, ba haka ba ne, akwai tsofaffi masu ƙwari da ake yi ma ya yi kyau. Ƙarfin jiki ake dubawa, zuciya, suga, ko za ta ɗauki dogon barcin anastezi. In ba za ta ɗauka ba, akwai na allura. Ta kunci ake soka doguwar allura har ta kai inda jijiyar ta taru a gindin ƙoƙon kai, sai a ƙona ta kaɗan da zafi, ko a hura ɗan balan-balan a matse ta, ko a zuba mata wani ruwa. Wannan da wuri ake sallamar mutum. Amma fa lalata jijiyar ake yi da gangan, saboda haka gefen yakan yi dundum, kamar ba naki ba, kuma ciwon ya fi saurin dawowa, sai a sake. In reshen ido ya taɓu, ƙura za ta shiga idon ba ta ji ba, ki tuna ƙurar Damagaram da hunturu. Wasu ƙalilan kuma fuskar ta mutu amma tana ƙuna, wannan ya fi na farkon wuyar magani. Sai na haske, Gamma Knife, ba yanka ba allura, amma sai an yi makonni ko watanni kafin a ji sauƙi, kuma na'urar ba ko'ina take ba, tafiya ce ta ƙetare.

Ni a Tunis aka yi mini, amma ban ce ku sayar da gona ku bi sawuna ba. Ku fara da likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, ku riƙe dosiye da faifan hoton. Masu cewa Kano ta fi kusa, gaskiya ne, daga nan Damagaram kilomita wajen 240 ina 900 ta Yamai, in kuna da wanda ya san hanya ku ji ta bakin na can ma. Jin baki biyu ba raini ba ne. Tambaya ɗaya ce nake so mijinki ya yi ba kunya: lokotoro, irin wannan aikin, shi kanshi, sau nawa ka yi, kuma yaya suka ƙare? Mu mutanenmu sai mu ga farar riga mu kama "to, to, Allah ya saka". Mai hannu ba ya jin haushin wannan tambaya.

Jinyar kuma, nan ne naki aikin yake, ɗiyata, don na san ke za a bar ma. Ni da na farka, abin da na fara yi shi ne na taɓa kuncina, shiru. Amma kai kamar zai tsage, ga amai, ga jiri, kunne ya toshe kamar ruwa ya shiga. Wannan duk an saba gani, yana wucewa. Kwana kaɗan ake yi a asibiti, zare kuma wajen kwana 10 zuwa mako 2 ake cirewa. Gajiyar ce ba wanda ya gaya mini, mutum ya yi wanka kawai ya ji kamar ya yi noma. Wajen mako 6 ba ɗaukar kaya, ba daka, ba tulu a ka, ba goyon jika, ba sunkuyo ana shara. Sallah a zaune na yi ta, na tambayi malam ya ce addini bai matsa ba. Kada a bari cikinta ya ɗaure tana yunƙuri, a ba ta ruwa da miyar ganye. Wurin ɗinkin a bar shi a bushe, ba lalle, ba man shanu, ba wani tofi da za a shafa a kai, a yi mata addu'ar daga nesa ta isa. Kuma kada ku ɗauko ta washegarin sallama ku zuba a bas, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, yini guda cur ana jijjiga. Ku samu gidan ɗan uwa ku zauna har likita ya ce ku tafi.

Abu uku, ko huɗu ma, in kin gani ba jiran safiya: ruwa fari tsararo yana ɗiga ta hanci ko ta wurin ɗinki, ko ta ce tana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro, zazzaɓi da sanƙarar wuya, ciwon kai mai ƙaruwa maimakon raguwa, ko ta fara ruɗewa, ko barci ya yi mata nauyi ba ta tashi. Kada wani ya ce mura ce ko masassarar sauro, a kira likitan da ya yi aikin, ki karɓi lambarshi tun kafin ku fito.

Tegretol ɗin ma, ko ta tashi garau, ba a yar da shi dare ɗaya. A hankali ake ragewa, yadda likita ya tsara a ordonas, wato takardar magani, in aka yanke farat ɗaya yana iya kawo farfaɗiya. Na san Hajiya, da ta ji sauƙi za ta ce a ba mabukata sauran.

Sai ƴan dubiya. Wayyo ƴan dubiya! Daga Birni, daga Zango, daga Garin Malam, har da na Mirriya, kowa da kwanonshi, kowa sai ya ga wurin ɗinki, kowa sai ta amsa mishi gaisuwa tun daga kan gajiya har kan awaki. Ni sai da na ɓuya a ɗakin ƙanwata. Ki sa mijinki ya tsaya a zaure ya karɓi gaisuwa, a ce tana barci. Za su yi gunaguni, su yi. Ke kada ki faɗa da bakinki, suruka ce ke, za a ce kin hana dangi ganin uwarsu. Shi ya faɗa.

Wani abu kuma, ko bayan ciwon ya tafi, za ki ga tana kare gefen da hannu, tana tauna ta ɓangare guda, tana tsoron asuwaki. Kada ku yi mata dariya, kada ku ce ai an warke. Ni har yau in iskar hunturu ta taso sai na ja mayafi, jikin ne bai manta ba.

Kuɗi ban taɓo ba don farashina ya tsufa, kada in ruɗe ku, ku sa a rubuta muku a takarda tun daga awo har gado. Ki turo mini hoton ordonas ɗinta da sunan abin da aka rubuta a sakamakon awo, babban nawa zai duba in ya taso daga aiki. Kuma haƙoran nan biyu, wa ya cire mata? Ki gaya mini a gefe, ba cikin gurup ba, ina so in ji ko shi ne. Ga kiran la'asar can, sai an jima.