Abin da ke sa kullun gyaɗa tauri idan ya sha ruwa

'Yata, jiya a bakin turmi kin yi mini tambaya, hannuna na cikin aiki ban ba ki amsar kirki ba. Cewa kika yi, duk abin da kika sani a madafa idan aka zuba masa ruwa sakewa yake yi, to me ya sa kullun gyaɗa shi sai ƙara tauri yake, har muciya ta ƙi juyawa? Na ji daɗin tambayar nan, domin a wannan gaɓar ce mai koyon ƙuli-ƙuli ke samun mai ko ta yi asararsa.

Ki fara duba abin da kika ɗauko daga inji. Ko ɗigon ruwa ba a sa ba wajen markaɗe, amma ga shi yana malala kamar zuma. Mai ne ke malalar da shi. A cikin gyaɗa, kashi 45 zuwa 50 cikin 100 na nauyinta mai ne, wajen kashi 25 kuma abin da masana abinci ke kira furotin. Inji ya farfasa ƙwayar, man ya fito, sai garin gyaɗar ya zama yana iyo a cikin man kansa. Kowane ɗan gari yana zamewa a jikin ɗan'uwansa, babu mai riƙe wani. Shi ya sa idan kullun ya kwana za ki tarar mai ya taso sama, ƙasan ya cushe. Juyin farko da ƙyar, amma da kin ci gaba sai ki ji hannunki na sauƙi.

To garin nan mai ƙishirwa ne. Mai ba ya shiri da ruwa, shi kuwa gari nemansa yake. Da kin yayyafa ruwa, garin zai zuƙe shi, ya jiƙa, ya yi danƙo, ya manne da na kusa da shi. Kin ga busasshen yashi yadda yake zubewa ta tsakanin yatsu, amma idan ya jiƙa yara har ɗaki suke ginawa da shi? Haka nan ne. Garin na dunƙulewa, man da ke tsakaninsa na rasa wurin zama, sai ya fito gefe. Wannan nauyin da kike ji a damtsenki shi ne shaidar tunkuza ta fara haɗuwa. Kada ki tsorata da shi, shi muke nema.

Ruwan kuma lalle ya zama mai zafi. Zafi na sa mai ya saki jiki ya riƙa gudu, sanyi na sa shi nauyi. Ai kin ga yadda man ja ke barci a hunturu. Man gyaɗa bai kai shi ba, amma shi ma yana jin sanyi. Don haka nake matsa miki ki dawo daga inji da sauri, mu fara tun kullun na da ɗuminsa.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne yawan ruwan. Tsakanin daidai da ɓaci ɗan taƙi ne. Lokacin ina koyo, na gaji da juyi, na ga kullu ya yi tauri, sai na ɗauki moɗa guda na juye masa don ya yi laushi. Laushin kuwa ya yi. Man da ya fara tsattsafowa ya koma ciki, kullun ya yi fari-fari, ya zama kamar za a dama kunun gyaɗa. Na juya har hannuna ya yi kanta, mai bai fito ba. Abin da ya faru, ruwan ya wuce abin da garin zai iya sha, sai garin ya koma iyo a cikin ruwa, man kuma ya farfashe ƙanana-ƙanana ya bi shi. Sai da aka ƙaro sabon kullu aka haɗa kafin aka ceto wani abu. Ƙulin da aka yi da shi ma ya yi ta fantsama a kasko, ya sha mai, bai yi ƙaras-ƙaras ba. Har yau idan na tuna gyaɗar nan raina yana sosuwa, domin ba tawa ba ce.

Saboda haka da hannu za ki riƙa yayyafawa, kaɗan, ki juya sai ya shanye kafin ki ƙara. Juyin ma ba na kaɗa miya ba ne. Danne kullun za ki riƙa yi da jikin turmi, kina bi gefe guda, a natse. Idonki na kan kalarsa: zai tashi daga ruwan ƙasa mai haske ya yi duhu, ya fara sheƙi, ya bar manne wa turmi. Sautin ma yana canjawa. Da kin ga mai ya taru a gindin muciya, ki ajiye ruwan, ki kwashe man, sauran aikin na matsa ne. Idan kin yi duk wannan mai ya ƙi, ki tuhumi suya ko niƙa. Gyaɗar da ba ta soyu ba, ko wadda inji bai lallasa ba, rowar mai take yi.

Kada kuma ki ɗauki wannan hannun ki kai wa kowane kullu. Ɗanyar gasara mai kauri halinta daban: ki ja cokali da sauri ta cije kamar ta daskare, ki bi ta a hankali ta malale. Koko idan ya yi kauri kika dame shi da juyi, tsinkewa yake.

Gobe idan Allah ya kai mu ke za ki riƙe muciya tun daga farko, ni zan tsaya a gefe. Ki ɗora ruwan kafin ki tafi inji.