Bitamin na ruwa: na yaro daban, na kyanwa daban

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ɗanki mai shekara 3 ba ya son cin abinci, kin sayo masa bitamin na ruwa, kina tambayar nawa za ki riƙa ba shi a rana, da kuma ko za ki iya ɗiga wa kyanwarki da ta rame. Na daɗe ina aikin kemis a Tudun Wada, kuma ni ma uwa ce, to ga abin da na sani.

Kafin komai, juya kwalbar ki karanta abin da aka haɗa a ciki. Da yawa daga cikin abin da iyaye ke nema da sunan "maganin cin abinci" ba bitamin zalla ba ne, akwai cyproheptadine a ciki, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Shi ke sa yaro ya buɗe ciki kwana biyu, sannan ya yi ta gyangyaɗi da rana tsaka. In kin ga wannan sunan, ki dakata sai likita ya ce. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ma.

In bitamin ne zalla, ki bi awon da aka rubuta na shekarunsa, kada ki ƙara don kina gaggawar ganin kumatu. Kuma don Allah ban da cokalin kicin. Cokalin shayi a wurin masu magani mililita 5 ne cif, na gidajenmu kuwa kowanne da girmansa. Na sha ganin uwa ta ce cokali ɗaya take bayarwa, in ta nuna shi sai ka ga na cin shinkafa ne, kusan ninki biyu ko uku. Ki yi amfani da murfin awon da ya zo da kwalbar, ko sirinji marar allura.

Abin da jiki ke buƙata bai kai yadda muke zato ba. Bitamin C na babban namiji miligiram 90 ne a rana, na mace 75, na yaro kamar naki 15 kacal. Goba ɗaya ta wuce na babban ma. Rarar B da C fita take ta fitsari, shi ya sa kike ganin fitsarin ya yi rawaya sosai. Bitamin A da D ne abin tsoro, domin taruwa suke a jiki. Jan ƙwanson nan da ake matsa wa yara a baki duk wata shida, bitamin A ne mai ƙarfin IU 200,000 (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne). In ya samu wannan, kika haɗa masa da man kifi da sirof kala biyu, an wuce gona da iri. Maganin ƙarin jini kuwa ki ɗora shi can saman kwaba. Yana da zaƙi, kuma in yaro ya kwankwaɗe kwalba, asibiti za a nufa nan take ko da yana wasansa.

A ganina ma, yaron da ya ƙi tuwo a wannan shekarun, a fara duba tsutsar ciki da ƙarancin jini, sannan a rage biskit da lemon kwalba kafin lokacin abinci. Ƙwai, wake, kwaɗon zogale, gwanda da ɗan manja a fate sun fi kwalbar da za ki saya.

Batun kyanwa, a'a, kar ki ba ta. Ita da kare jikinsu da kansa yake haɗa bitamin C, kuma awon ɗan Adam na D da sinadarin ƙarfe ya yi wa ɗan jikinta yawa. Wasu sirof ɗin ma da xylitol ake zaƙaƙa su, wanda guba ne ga kare. Farasitamol kuwa ko ɓari kar ya kusance ta, kashe kyanwa yake.

Kyanwa maciyar nama ce, ragowar tuwo da miyar kuka ba sa riƙe ta. Ki ba ta kifi da nama dafaffe, amma ban da hanta kullum, don yawan bitamin A na cikinta na sandarar mata da ƙashin wuya. Ramar tata ba mamaki tsutsa ce. Ki sa ta a kwando mai murfi ki kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, za su auna nauyinta su ba ta maganin da ya dace da ita.