Kafin ka kai Baba wurin likitan ƙashi

Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce babur ne ya kayar da shi cinya ta karye, an yi wata 4 ana ɗori a gida ƙashin bai kama ba, yanzu an tura ku asibitin koyarwa na ATBU nan Bauchi, kana son sanin me za ku tanada kafin ganin likita, da kuma in ta kai ga aiki. Ni ba likita ba ne. Jinyar yayana na yi a irin wannan karayar, abin da na gani shi zan faɗa maka.

Fara da tambayar ranar da likitocin ƙashi suke ganin marasa lafiya, don ba kullum suke zama ba. Ku yi sammako da takardar da aka turo ku da ita, da katin asibiti, da duk hoton da aka taɓa yi wa ƙafar. Kar ka raina na farko wai ya tsufa, da shi ake gwada sabon a ga inda ƙashin ya nufa. A sa wa Baba zani ko wando mai faɗi, saboda sai an buɗe cinyar.

Abin da ya fi duk wannan shi ne gaskiya. Mutanenmu da yawa suna ɓoye maganar ɗori don tsoron faɗan likita. Faɗan na minti biyu ne, ɓoyewar kuwa tana iya lalata aikin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗi yaushe aka ɗora, sau nawa aka kwance aka sake, ko an yi tsaga, ko wurin ya taɓa yin ruwa ko ƙurji. In akwai ƙwayar cuta a ciki aka sa ƙarfe a kanta, wahalar da za ta biyo baya ta fi karayar. Haka magunguna: zuba duk abin da yake sha a leda ka tafi da shi, har na gargajiya da haɗin kemis. Wannan haɗin na ciwon jiki da ake ƙulla wa tsofaffi sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, kuma daɗewa ana shansu yana raunana ƙashi, yana hana rauni warkewa da wuri. Aspirin, clopidogrel da warfarin suna tsinka jini, likita ne zai ce yaushe za a dakata, kar ku tsayar da su da kanku. In ya saba da tramadol, mai allurar barci yana bukatar ya sani. In yana shan taba, ya ajiye tun yau, don tana cikin manyan abubuwan da ke hana ƙashi haɗewa.

Ka rubuta tambayoyinka a takarda, don a gaban likita kai yakan ɗauke. Wane aiki za a yi, ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargo ne ko faranti da kusoshi? Tunda karayar ta daɗe, za a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike wurin? Ƙafar za ta dawo daidai da 'yar'uwarta ko za ta rage tsawo? Yaushe zai fara takawa? Sannan a rubuta muku kuɗi dalla-dalla: na ƙarfe, na aiki, na gado, na magani. Ƙarfen ne yakan fi cin kuɗi. In kuna da inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jiha, tambayi ofishinsu ko ƙarfen yana ciki kafin ku saki jiki. Wasu za su ce ku wuce Dala kai tsaye. Asibitin ƙashi na Dala a Kano tsoho ne, tun 1959 yake, amma kusan kilomita 300 ne daga nan, kuma bayan aiki za a yi ta komawa. A ganina, in ba likitocin nan ne suka tura ku ba, kusa da gida ya fi sauƙi ga tsoho.

In an sa rana, abin da ya fi ɗage aiki hawan jini ne, da suga, da ƙarancin jini. Za a auna su duka, da ƙoda, ga mai shekaru kuma har da zuciya da hoton ƙirji. Aikin cinya yana zubar da jini, don haka za a ce ku ajiye leda ɗaya ko biyu. Nemi masu bayarwa tun da wuri, kuma fiye da adadin da aka ce, domin sai an tantance su, wani za a ce jininsa bai isa ba, wani a sami ciwon hanta bai ma sani ba. Daren aiki in an ce kar ya ci komai, to har kunu da shayi ne. Ka sa ido a kan masu zuwa dubiya, akwai mai tausayin da zai ba shi kofi ɗaya a ɓoye, shi ke nan a fasa aikin ranar. Galibi allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, mutum yana farke. Gaya wa Baba tun a gida, kar ya firgita in ya ji ƙarar kayan aiki.

Inda mutane suke sakaci shi ne gida. Wanda aka yi wa aikin cinya ba zai iya tsuguno ba, ba kuma zai iya tashi daga tabarma ba. Kafin a sallame ku a tanadi gado mai ɗan tsayi, da kujerar bahaya ko kujerar roba da aka huda, da sandunan dogarawa daidai tsayinsa. Salla a zaune zai yi, ko a kwance a kwanakin farko, kuma kar ruwan wanka ko na alwala ya taɓa ɗinkin, wanda akan cire wajen mako 2. Mai jinya ya zama namiji mai ƙarfi da zai iya ɗaga shi, kuma a sami mai canjinsa. Ranar komawa gida a nemi mota, ba Keke Napep ba.

Masu gashin ƙashi na asibiti, wato masu sa majinyaci motsa gaɓoɓi, za su zo tun yana kan gado su ce ya motsa. Zai ji zafi, zai ce a ƙyale shi, kar ku goya masa baya. Gwiwar da ta yi wata 4 a ɗaure ta riga ta fara sandarewa, kuma kwanciya ba motsi ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Amma taka ƙafar da nauyinsa sai likita ya ga hoto ya yarda, ƙashin cinya yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, na tsoho ma ya fi. In ka ga zazzaɓi, ko ɗinkin yana fitar da ruwa ko wari, ko sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, kar ku jira ranar da aka ba ku, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.