Zogale da ruwan dagwalon masana'anta: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan ruwa suke, yawanci daga masu noman rani da lambunsu ke ƙasa da masana'antu, to bari mu shiga kai tsaye.

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa lambunsa na bakin rafin da wata majema da wani kamfanin rini ke sako dagwalonsu, ruwan yau baƙi gobe shuɗi ga wari, ya ji ana cewa 'ya'yan zogale na tace ruwa, shin gaskiya ne, kuma ya ake yi?

Gaskiya ne malam. Tun a shekarun 1970 da 1980 wata mai bincike Samia Jahn ta rubuta yadda matan ƙauyukan Sudan ke kwantar da ruwan kogin Nilu da irin zogale, a shekarun 1990 kuma masana daga jami'ar Leicester ta Ingila suka gwada shi a matatar ruwa ta Thyolo a Malawi, ya yi aiki. Akwai wani furotin a cikin ƙwayar da yake janyo ƙananan dattin da ke yawo a ruwa kamar yadda mayen ƙarfe ke janyo allura, su dunƙule su yi nauyi su kwanta a ƙasa. Ka samu 'ya'yan zogalen da suka bushe a kan bishiya, ka ɓare, ka daka farar ƙwayar ta yi laushi, ka tankaɗe, ka dama a ɗan ruwa mai kyau a kwalba ka girgiza sosai, ka tace da ƙyalle sannan ka juye a duro. Ruwa mai laka sosai ƙwaya 1 a lita 1. Ka juya da ƙarfi kamar minti 2, sannan a hankali minti 5 zuwa 10, sai ka ƙyale shi awa 1 zuwa 2 kar ka taɓa. In kana matse mai ma tunkuzar na yin aikin, ba sai ka yi asarar man ba. Amma dan Allah ka karanta amsa ta huɗu kafin ka kai ruwan nan kan shuka.

Wani ya ce shi ya ninka garin har sau uku don ruwan ya fi haske, sai ya koma fari fat, bayan kwana biyu kuma ya soma ɗoyi. Haba malam, sau nawa zan faɗi wannan? In gari ya yi yawa dattin ba ya kwanciya, kuma ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ya ruɓe. Ka jera kwalabe 4 da ruwan rafin, ka sa gari kaɗan a ta farko kana ƙarawa har ta ƙarshe, wadda ta fi washewa da mafi ƙarancin gari ita ce ma'auninka. Kuma kullum sabon haɗi, ba a kwana da shi.

Hajiya mai tambaya ko ganyen zai yi: a'a Hajiya, ƙwayar ce mai aikin.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Wani matashi ya ce ya gwada, ruwa ya yi garau, kuma lakar da ta kwanta a gindin duro yana kwashewa yana zubawa a kwamin latas a matsayin taki tunda ai daga tsiro ta fito. Ɗana ka daina yau ɗin nan, wallahi raina ya ɓaci da na karanta. Zogale ba ya ɓatar da guba, wuri kawai yake canza mata. Yawancin majemun zamani da sinadarin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam suke jima, masu batir da fenti da narka ƙarfe kuma ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam suke saki, duk abin da zogale ya iya kamawa a cikinsu yana cikin wannan lakar, kai kuma ka tattara shi wuri guda ka kai gindin ganyen da mutane za su ci ɗanye. Kuma wanda bai kama ba yana nan a narke cikin ruwan da kake gani garau, ba launi ba wari, ido ba ya ganinsa. Ƙa'idar da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 1985 kan ruwan ban ruwa ta ce kar kadmiyam ya wuce miligiram 0.01 a lita, kuromiyam 0.1, to wa zai gane wannan da kallo? Sai ɗakin gwaji. Waɗannan ƙarafan ba sa ruɓewa, suna taruwa ne a ƙasa shekara bayan shekara, shuka ta sha, mutum ya ci, ƙoda da ƙashi su ɗauka. A yankin Toyama na Japan kadmiyam daga ma'adanai ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, mutane musamman mata suka yi ta fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi shekara da shekaru, sai a 1968 gwamnati ta amince cewa gurɓatar ce sanadi, kuma gyaran ƙasar gonakin ya ci gomman shekaru. Ga kuma gishirin da ake adana fata da shi, shi zogale ko kusa ba ya cire shi, in ka ga farin ɓawo a saman kwami kuma bakin ganye na ƙonewa to shi ne.

Lakar dagwalo ka busar da ita a ramin da aka shimfiɗa leda mai kauri, nesa da rijiya da dabbobi da yara, ka nemi hukumar muhalli ta yankinku kan inda za a kai ta. Lakar ruwan kogi da ba masana'anta a samansa, wannan zuba abinka a gona. In babu wani ruwan sai wannan, ka bar latas da alayyafo don ganye ya fi komai kwasar kadmiyam, gara itatuwan katako ko na makamashi, kuma ka bi da ruwan ta kwari kar ka watsa a kan ganye.

Sannan mu yi lissafi. Ban ruwa ɗaya mai zurfin santimita 5 a hekta 1 lita 500,000 ne, ƙwaya nawa za ka daka? Shi ya sa nake cewa wurin tace dagwalo shi ne cikin kamfanin kafin ya fito, can ne za a sa farar ƙasa kuromiyam ya kwanta, sannan a bi da zogale ko makamancinsa. A Barazil ana sarrafa ɓawon wata bishiya dangin bagaruwa ana sayar wa masana'antu don wannan aikin, a Indiya ma akwai ƙwayar wata bishiya mai suna nirmali da aka daɗe ana kwantar da ruwa da ita. Ku haɗu a ƙungiyance ku ɗebi ruwan a kai gwaji, ku riƙe takardar sakamakon ku je wa hukuma da ita, ta fi ƙorafin baki nauyi.

Wani ya ce mai shago ya tallata masa alam da wani maganin kwantar da ruwa mai tsada. Ka riƙe kuɗinka. Alam na aiki amma yana sa ruwa tsami, lakarsa ta fi yawa, kuma shi ma ba zai raba ka da gishiri da narkakken ƙarfe ba.

Mai tambayar yauƙin kuɓewa: yana taimakawa dattin ya dunƙule, amma mataimaki ne, shi kaɗai bai kai zogale ba. Mai cewa ya ji jiƙa garin a ruwan gishiri na ƙara masa ƙarfi, haka ne, sai dai kai da za ka ba shuka ruwan kar ka ƙara wa ƙasarka gishiri, yi da ruwa zalla.