Kafin Ka Sayi Kwamfuta, Ka Auna Ɗakin Innarka

Ɗana, saƙonka ya same ni jiya a wajen aiki muna zuba kankare, ba mu tashi ba sai bayan isha'i, shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce sunanka ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello, sashen zanen gine-gine, mahaifinka ya fitar da buhunan masara ya damƙa maka kuɗi, abokanka kuma sun ce ka fara da sayen babbar kwamfuta. Kana son sanin me za ka saya da yadda za ka shirya. To, barka da arziki, Allah ya sa a gama lafiya. Tsohon gida ka shiga. Tun 1955 ake koyar da wannan sana'a a Zariya, jami'ar ma sai a 1962 ta zo ta tarar da ita.

Maganar kwamfuta, ka dakata tukuna. A shekarar farko lissafi ne da fizis da zanen hannu za su sha maka kai. Kafin ka kai inda za a ce ka buɗe manhajar zane ta AutoCAD ko Revit da gaske, batirinta ya gaji, wata sabuwa ta fito. Ka ba innarka kuɗin ta ajiye, ita ce bankin da ba ya karyewa. In lokaci ya yi, ka tambayi 'yan aji uku wadda suke amfani da ita, ka nemi mai RAM 16 da katin hoto nata na daban, ko da ta hannu ce. Manhajar ma kada ka biya kowa, kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai lasisi kyauta in sun nuna shaidar makaranta.

Abin da za ka tafi da shi bai cika jaka ɗaya ba. Fensir iri uku ya isa: 2H na layin share fage, HB na aiki, 2B na zanen hannu da inuwa. Sai magogi mai laushi wanda ba ya cin takarda, ti-sukwaya (doguwar rula mai siffar T), sukwaya biyu masu kusurwa uku (ta 45 da ta 30 da 60), kamfas, da tef ɗin takarda na manne zane a allo. Kada ka kuskura ka manna da salatif, ranar cirewa da fatar takardar zai tashi. Allo kuwa wanda zai ɗauki takardar A1 ake so, faɗinta milimita 594, tsawonta 841. Ti-sukwaya ka duba ta a shago kafin ka biya: ka ja layi, ka kifa ta ka sake ja a kansa, in layukan biyu ba su hau juna ba ka mayar wa mai ita. Alƙaluman tawada irin su Rotring ka jira sai malami ya ce a kawo. Suna da tsada, kuma hunturun Samaru, inda jami'ar take, ba ya raga musu, kwana biyu ka bar su babu wanki tawada ta daskare a baki.

Abu ɗaya da ban yarda ka yi masa rowa ba shi ne sikeli, rular nan mai fuska uku da kake gani a aljihun rigata. Shekara biyu kana riƙe min tef a fili, ka san bulo mai inci tara milimita 225 ne, mai inci shida 150, ka san ƙofar ɗaki 900 ce a 2100. Wannan ka riga yawancin 'yan ajinku. Abin da ya rage maka shi ne mayar da su kan takarda. A ma'aunin 1:100, bangon nan da kake jingina a jikinsa ka ci rogo ya koma milimita biyu da kwata, ɗaki mai mita 3.6 ya koma milimita 36. A 1:50 komai ya ninka biyu, sai ka ga akwai wurin nuna filasta da firam ɗin taga. A 1:200 kuwa gidan ne gaba ɗaya da filinsa. Sai idonka ya saba har ka kalli layi ka ji kaurin bangon a jikinka.

Ga aikin da na ba ka kafin ka tafi. Ka sayi tef mai mita 5 da littafin zane marar layi. Ka fara da ɗakin innarka: tsawo, faɗi, daga ƙasa zuwa silin, inda taga ta fara da inda ta ƙare, gefen da ƙofa take buɗewa, wurin da gado ya ci. Ka zana da hannu ka rubuta awo, sannan ka zauna ka fitar da shi a 1:50. Gobe zaure, jibi madafa da makewayi, har gidan ya haɗu. Za ka tarar awon ciki da na waje sun ƙi jituwa, ka rasa inda santimita 20 ta shige. Ka koma ka nemo ta, kada ka cike da ka. Yawanci kaurin bango ne aka manta, ko kuma ɗakin da ma ba a kan sukwaya aka gina shi ba, sai ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ka gane.

Na nace a kan wannan ne saboda abin da ya same ni. A aji biyu na zana gidan sama, na kwana uku ina ƙawata fuskarsa, na manna a bango ina jin babu kamata. Wani malami ya ɗauki sikeli ya ɗora a kan matattakalata, ya ƙirga, ya ce in hau. Hawa bakwai na zana, ga bene mita 3. Kowane taki ya fi santimita 40 ke nan, alhali abin da ƙafar mutum take so tsakanin 15 ne da 17 da rabi. Ajin ya kwashe da dariya. Na taka matattakala sau dubu a rayuwata amma ban taɓa sunkuyawa na auna ko ɗaya ba.

In ka isa Zariya, kada ka tsaya a Samaru kawai. Ranar da babu darasi ka shiga cikin birni da littafinka, ka nemi izini a tsofaffin zauruka ka ɗaga kai. Ka ga yadda magina suke jera azara, da yake ba ta iya tsallake fiye da kusan mita biyu ita kaɗai, suna turo ta kaɗan-kaɗan daga bango har bakan gizo ya haɗu a sama. Da tubali da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, kuma har a ƙasashen waje ana karanta aikinsa. Wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki. Irin waɗannan gine-gine ba sa jiran kowa, abin da ka samu a tsaye ka zana. Ka kuma lura da abin da ba a rubuta a bango ba: me ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi a watan Afrilu, me ya sa bangon gabas ya fi cinyewa da ruwan farkon damina, me ya sa baƙo ba ya hango tsakar gida daga zaure. Malamanku za su ba waɗannan sunaye na Turanci, amma kai ka riga ka kwana a cikinsu.

Kuɗin da zai cinye ka ba na kayan farko ba ne, na kullum ne: takarda, kwali da gam na haɗa samfurin gini, buga manyan zane a ƙarshen zango. Ka ware masa kaso tun yanzu. Ka sayi aska mai kyau da rular ƙarfe, domin ta roba aska tana cin gefenta, kuma ka riƙa yanka sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi, yatsun ɗalibai da yawa sun shaida. Ka haɗa da fitila mai caji, situdiyo, wato ɗakin zanen ɗalibai, wurin kwana ne in an kusa gabatar da aiki. Ranar gabatarwa za a yi wa zanenka kaca-kaca a gaban jama'a. Kada ka yi musu, kada ka yi fushi, ka rubuta abin da aka ce.

Ka kuma zauna da mahaifinka ka faɗa masa gaskiyar tsawon hanyar, kada ya zaci bayan shekara huɗu za ka fara sa hannu a zane. Akwai digiri na biyu na shekara biyu, ga bautar ƙasa, ga aiki a ƙarƙashin wani, sannan jarrabawa kafin hukumar ARCON mai kula da masu zanen gine-gine ta yi maka rajista.

Ranar Asabar ka biyo ofis da hantsi. Tsohon allona yana bayan kabad, gefensa na hagu har yanzu a miƙe yake, ka ɗauka. Ka zo da awon ɗakin in gani.