Rigakafi, Tauraruwa Mai Wutsiya da Sauran Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon duk sun karkata ga labaran binciken masana da ake ta ji a rediyo. To, bismillah.

Wata ma'aikaciyar asibiti daga Azare ta ce: "Malam, sai uwa ta kawo yaro jikinsa ya yi rau da zazzaɓi ta ce a yi masa rigakafi. Wannan Hausa ce?"

'Yar'uwa, ba Hausa ba ce, kuma kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kalmomi biyu aka haɗa, riga da kafi. Rigar nan ta "na riga ka zuwa" ce, ba ta sawa ba. Kafi kuwa shi ne abin da ake yi wa gari a da, a kakkafa itatuwa a kewaye shi, ko a binne wani tsari tun ranar da za a kafa garin don kada abokan gaba su ci shi. Duk wanda ya tashi a cikin Bauchi ya san Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran, kuma ya san ganuwar da ƙofofin nan suke jikinta ba ranar da mahara suka iso aka fara ɗora tubalinta ba. Abin da ake yi bayan cuta ta shiga jiki sunansa magani. Ai karin maganar da kowa ke rerawa, "rigakafi ya fi magani", ita da kanta ta raba su. In da abu ɗaya ne, me zai fi me?

Na tsawaita ne saboda sakacin nan yana iya cin rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta farko, RTS,S, a 2021, sannan ta amince da ta biyu, R21, wadda masana Jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa, a 2023. Najeriya ta fara yi wa yara R21 a watan Disamba na 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sai ga shi na ji wani mai gabatar da shiri yana shelar cewa "an samo maganin maleriya". Uwar da ta ji haka za ta zauna sai yaro ya kwanta kafin ta nemi allurar, alhali tun yana wata 5 lafiyarsa ƙalau ake farawa, kuma sau huɗu ake yi. Wata ma sai ta naɗe gidan sauronta ta jefa ƙarƙashin gado. Allurar nan rage haɗarin cutar take yi, ba ta kore ta baki ɗaya, don haka gidan sauro da share kwata suna nan a matsayinsu, su ma rigakafi ne. Mai magana a gidan rediyo ya sani dubban mutane daga bakinsa suke ɗaukar Hausarsu.

Wani daga Kumo yana tambayar asalin kalmar sanƙarau. Daga sanƙarewa ce, don wuyan mai cutar kan sanƙare, kuma ƙirarta irin ta mantau da makarau ce. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, allurar da ke tare nau'i biyar na ƙwayar cutar, bayan ɓarkewar da ta taɓa Bauchi da Gombe.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ce: "Tunda masana sun gano tauraruwa mai wutsiya ƙanƙara ce da ƙura kawai, ba sai mu daina cewa ganinta ba alheri ba?"

Ɗana, abin da ka faɗa game da ita gaskiya ne. Dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura da ke kewaya rana, in ta matso kusa sai zafi ya sa ta yi tururi, hasken rana da iskar da ke fitowa daga cikinta su tura tururin baya, shi ya sa wutsiyar kullum take ba rana baya. A 2014 Turawa har sun saukar da na'ura a kan ɗaya daga cikinsu. Wadda ake kira Halley ta bayyana a 1986, kuma an lissafa za ta dawo a 2061. Amma yaushe rabonka da jin Bahaushe ya ce "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba" yana kallon sama? Mutum ake yi wa kirarin, irin wanda ba ya zuwa gidanka sai da sammaci ko mugun labari. Maganar ta daɗe da barin sama ta dawo zaure, binciken masana bai shafe ta ba. Abin da ke damuna dabam ne: masu kiran hasken nan da kan gilma da dare cikin ƙiftawar ido da wannan suna. Wancan ɗan tsakuwa ne ya shigo iskar duniya ya ƙone. Mai wutsiya takan yi kwanaki, wani lokaci makonni, ana fitowa ana kallonta, kamar wadda aka gani bayan magariba a watan Oktoba na 2024.

Husufi ko kusufi? Larabci ya ware kusufi ga rana, husufi ga wata. Hausa ta bar husufi ya ɗauki duka biyun, kuma ban ga laifinta ba.

Wani malamin makaranta daga Gombe ya tambayi ko faifan da ke kan rufin gidansa shi ne tauraron ɗan'adam. A'a, Malam. Tauraron yana can sama yana kewaya duniya, kamar NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a 2003. Naka faifan karɓar saƙo ne daga tauraron ɗan'adam.

Hajiya daga Dukku ta ce maƙwabciyarta ta ga hadari ya haɗo da la'asar ta ce "sauyin yanayi ne". Hajiya, wannan hadari ne kawai. Sauyin yanayi sai an jera shekaru masu yawa an auna kafin a gan shi, kamar yadda masana suka auna suka ce 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa rubutawa zafi. Manomin da ya ce damina ba ta sauka lokacin da take sauka a zamanin mahaifinsa ya fi maƙwabciyarki kusa da ma'anar.

Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke gandun dajin Yankari, zafi ne ko ɗumi? Ɗumi ne. Yana tsaye wajen digiri 31 rani da damina, bai ma kai zafin jikin mutum ba.