Fatawa: Na ba da kafin alƙalami a gidan haya, sai na tarar rufin yana yoyo

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamin makaranta ne, an yi mini canjin wurin aiki daga Tanut zuwa Damagaram. Wani dillali ya karɓi jaka 2 (sefa dubu 2) kuɗin gani, ya zaga da ni Birni da Zango da Garin Malam, daga ƙarshe muka tsaya a kan wani gida mai ɗaki biyu da falo a Sabon Gari, jaka 30 a wata. Mai gida ya ce sai na biya wata 3 a gaba da wata 1 na ajiya. Da yake albashi bai shigo ba, na ba shi jaka 20 kafin alƙalami, ya ce in na fasa sun zama nasa, na ce to. Kafin mu tare aka yi ruwa, na je na tarar ɗakin kwana ya jiƙe sharkaf, ashe tabon yoyon aka shafe da sabon fenti. Famfon ma maƙwabta sun ce sai tsakar dare yake kawowa. Na ce na fasa, ya hana ni kuɗina, dillali kuma yana bi na la'adarsa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a wannan canji, Malam.

Mu fara da sharaɗin da kuka ƙulla, na cewa wanda ya fasa ya yi asarar abin da ya bayar. Wannan shi ne arbun a bakin malaman fiƙihu, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya bai halatta ba. Imam Malik ya kawo hadisin hani a kansa a Muwaɗɗa, da ya zo bayani kuwa bai tsaya kan saye da sayarwa ba, har hayar dabba ya ambata. Dalilin shi ne mai gida zai riƙe kuɗin da bai ba da komai a madadinsu ba. Abin da Malikiyya suka yarda da shi shi ne a ba da kafin alƙalami bisa cewa in magana ta ƙullu a lissafa shi cikin haya, in ta warware a mayar wa mai shi.

Imam Ahmad ya saɓa. Ya raunana hadisin, ya kafa hujja da gidan Safwan ɗan Umayya da aka saya wa Sayyidina Umar a Makka don a mai da shi kurkuku, bisa irin wannan sharaɗi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda ta bi wannan ra'ayi a zamanta na Brunei a 1993, ta ce ya halatta a ciniki da haya muddin an yanke wa'adin jira. Ra'ayin yana da fuska, don mai gidan da ya sallami masu nema saboda kai, ka dawo ka ce ka fasa haka kawai, ya cutu.

To amma kai ba haka kawai ka fasa ba, kuma nan ne hukuncin yake. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ambaci yoyon rufi da sunansa cikin aibin da ke ba ɗan haya zaɓi: ko ya fita, ko ya zauna ya biya haya cikakkiya. Ba a tilasta wa mai gida gyara a mashhurin mazhaba, shi ma ɗan haya ba a ɗaure shi a ɗakin da ruwa ke zuba. Balle a nan an san aibin aka rufe shi da fenti, Annabi (SAW) kuwa ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Saboda haka ko a wurin malaman da suka halatta arbun, jaka 20 ɗinka ba su halatta ga mai gida ba, wajibi ne ya mayar maka. Sai dai ka lura da abu guda: in ya kira magini ya gyara rufin gyara na gaske kafin a warware magana, uzurinka na yoyo ya faɗi, sai ka shiga a cire kuɗin daga hayar wata ukun.

Batun famfo ba zan ba ka gaskiya kai tsaye ba. Ƙarancin ruwa a Damagaram ba ɓoyayyen abu ba ne, yaro ma ya san ƴan garuwa ba don ado suke tura kura ba. Abin da duk unguwa ta sani ba a kiran sa aibin da aka ɓoye. In dai ka tambaya aka ce maka ruwa ba ya yankewa, to an yi maka ƙarya, ya zama hujja ta biyu a hannunka. In ba ka tambaya ba, ka bar wannan.

Dillanci sana'a ce halal, Bukhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basari ba su ga laifin ladan dillali ba. Kuɗin gani ya ci su, tunda ya zaga da kai, ya ƙona mai ko ya biya kabu-kabu. (Wanda yake karɓar kuɗin gani ya kai mutane gidan da ya san an riga an bayar, wannan haram yake ci, kuma ana yin haka.) La'ada kuwa ladan kammala aiki ce. Haya ba ta tabbata ba, don haka ba ya bin ka komai yanzu. In ya san da yoyon ya yi shiru, yana da kaso cikin zunubin.

Wata 3 a gaba ya halatta, har ma kariya ce gare ka, domin a Malikiyya hayar wata-wata da ba a yanke mata wa'adi ba kowa yana iya warware ta, sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kuɗin ajiya ma ya halatta a matsayin jingina. Naka ne har ranar fita, a cire ɓarnar da ka yi da hannunka ko bashin wuta da ruwa da ka bari. Fentin da rana ta kashe da tsagewar bango ta tsufa ba naka ba ne.

Ka je wa mai gidan da mutum biyu da yake jin nauyinsu, limamin unguwa ko wani dattijo, a nuna masa ɗakin, a yi magana cikin mutunci. In ya ƙi, sai mai unguwa, in nan ma ta gagara kana da damar kai ƙara. A gida na gaba kuwa, ka tambayi maƙwabta yadda damina take yi da rufin, ka nemi a nuna maka takardun kamfanin wuta na NIGELEC da na ruwa na ƙarshe don kada ka gaji bashin wani, sannan a rubuta haya da wa'adi da makomar kafin alƙalami a gaban shaidu 2, kowa ya riƙe takardarsa.

Wallahu a'alam.